Hasumiyar Gobarau: abin da ya rage daga tsohon masallacin Katsina

Gobarau, wasu kuma su rubuta Gobirau, hasumiya ce ta ƙasa da ke tsakiyar tsohon birnin Katsina, a arewacin Najeriya, kimanin kilomita 90 kudu maso gabas da Maraɗi. Tsawonta ya kai wajen mita 15. Ita kaɗai ta rage daga tsohon masallacin Juma'a na birnin, wanda ake danganta gininsa da zamanin Sarki Muhammadu Korau. A shekara ta 1959 hukumomin Najeriya suka saka ta cikin jerin gine-ginen tarihi na ƙasa da doka ta hana a taɓa.

Ɗan kasuwar Tchaké ko na Mayahi ko na Tasawa da ke shiga Katsina sarin kaya yana iya yin shekara goma yana wannan zirga-zirga bai taɓa ganin ta ba. Benaye da hasumiyoyin siminti sun fi ta tsawo yanzu, kuma ba a bakin tasha take ba. Amma ga mutanen jahar Maraɗi wannan ba ginin baƙi ba ne. Sarakunan da suka yi ƙarni uku suna sallar Juma'a a gindinta su ne kakannin gidan da ke sarauta a Maraɗi da Tasawa. Iyakar da Turawan Faransa da na Ingila suka shata ta zo ne daga baya, ta bar hasumiyar can, ta bar magadanta nan.

Wa ya gina ta, kuma yaushe

Labarin Korau kowa ya ji shi ta wata fuska. An ce ɗan kokawa ne daga Ƴandoto, ya kada Sanau, sarki na ƙarshe daga gidan Durɓawa, bayan matar Sanau ta sace masa layar da yake taƙama da ita. Korau ya hau gadon sarauta, kuma shi ake lissafawa sarkin Katsina Musulmi na farko. Har yau ana kiran fadar Katsina Gidan Korau.

Wurin shekaru ne ake rabuwa. Jerin sarakuna da ake karantar da yara a Katsina yana sa mulkin Korau daga 1348 zuwa 1398. Masana tarihi da suka gwada jerin da na Kano da rubuce-rubucen Larabci suna kai shi rabin ƙarshe na ƙarni na 15, wato shekara ɗari bayan haka. Ra'ayi na biyu ya fi nauyi a gare ni, don labarin baka da kansa yana haɗa ginin masallacin da zuwan Shehu Magili, shi kuwa an san lokacinsa.

Muhammad bin Abdulkarim al-Magili mutumin Tilimsan ne, a Aljeriya ta yau. Ya baro Tuwat ya ratso ta Abzin da Tagidda, wato ta cikin ƙasarmu, ya sauka Katsina da Kano a wajajen 1492 zuwa 1493. A Kano ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa littafin nasiha kan yadda ake mulki. Daga nan ya wuce Gawo wurin Askiya Muhammadu, ya rasu a Tuwat wajen 1504. A cikin waɗannan shekarun ne kuma Jalaluddin Suyuɗi ya aiko da wasiƙa daga Alƙahira zuwa ga sarakunan wannan yanki, ya ambaci sarkin Agadas da Ibrahim sarkin Katsina da sunayensu. Birnin da babban malamin Masar ya san sunan sarkinsa ba zai rasa masallacin Juma'a na a zo a gani ba.

Kalmar hasumiya ita ma shaida ce. Daga Larabcin *sauma'a* ta fito, sunan da mutanen Magrib ke kiran wurin da ladan ke hawa, alhali a gabas manara ko mi'izana ake cewa. Siffar ginin ma ta can ce: gindi mai kusurwa huɗu, yana tsukewa in ana yin sama, irin na garuruwan Sahara. Kalmar da siffar duk ayarin raƙuma ne ya kawo su.

Akwai wani labari da dattawan Katsina ke bayarwa game da alƙibla. Wai da aka zo aza tushen masallacin, malamai suka yi ta gardama a kan inda za a fuskanta. Wani malami da ake kira Jodoma ya fusata, ya nuna gabas da sandarsa, sai jama'a suka hango Ka'aba ƙuru-ƙuru. Ba tarihi ne da za a kafa hujja da shi ba. Sai dai yana tuna mana cewa gano alƙibla daga nisan dubban kilomita, ba kamfas ba taswira, aiki ne na masu ilimin taurari da lissafi, kuma Katsina ta yi suna da irinsu.

Birnin malamai da baƙinsa

A harabar masallacin ana karantarwa, shi ya sa wasu ke kiran Gobarau jami'a. Kalmar ta yi mata yawa in ana nufin irin ta Yamai mai ajujuwa da takardar shaida. Zaure ne da malami da almajirai, kamar yadda aka yi a Sankore ta Tumbutu. Amma malaman da birnin ya tara ba ƙanana ba ne. Ɗan Takum ya yi alƙalanci a nan ya rasu wajen 1529. A ƙarni na 17 aka yi Ɗan Marina da Ɗan Masani, wanda ya rayu daga 1595 zuwa 1667, kuma har yanzu ana ziyartar kushewunsu. Muhammad al-Kashinawi, masanin lissafi da hatimai, ya je hajji ya zauna a Alƙahira, can ya rasu a 1741.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne sunan Katsina ya isa Turai ne ta Italiya. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo na Afirka, ya kammala littafinsa a birnin Rum a 1526, aka buga shi a Benis a 1550, da babi a kan Katsina a ciki. Bayan shekara 160, a 1710, wasu limaman Katolika biyu ƴan ɗariƙar Faransiskan, Carlo Maria mutumin Jenowa da abokinsa Severino, suka taso daga Tarabulus suna neman wasu Kiristoci da aka ce musu suna zaune a ƙasar Kwararrafa. Suka bi ta Fezzan da Agadas, suka iso Katsina, ciwo ya kama su, suka mutu a nan a 1711. A lokacin Gobarau ce masallacin Juma'ar birnin. Za mu koma kan mahaifar ɗariƙarsu can gaba.

Ladan ba shi kaɗai ke hawa hasumiyar ba. Katsina ta sha yaƙi da Kano da Gobir da Kwararrafa, kuma ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce. Wanda ke can ƙoli yana hango ƙurar dawaki tun kafin su iso ganuwa.

Shekara ta 1807

Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ci Katsina a 1807. Sarki Magajin Halidu ya fita da jama'arsa zuwa Ɗankama, garin nan na bakin iyaka da masu cin kasuwa daga Gazawa da Tasawa suka sani sarai, kuma a can ne aka ce ya faɗa rijiya da aka sake cin su da yaƙi. Waɗanda suka rage suka naɗa Ɗan Kasawa. Ya fake a Damagaram na wasu shekaru, sannan wajen 1819, da taimakon mutanen kwarin gulbi, ya kafa sarautarsa a Maraɗi. Shi ya sa har gobe ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi, kuma Kaura da Galadima da Durɓi da Ƴandaka suna nan a fadoji biyun, wancan gefen iyaka da wannan. A ƙarshen ƙarni na 19 rikicin gida ya sa Sarki Mijinyawa ya koma Tasawa da zama.

A birnin kuwa, Malam Ummarun Dallaje, wanda ya yi sarauta daga 1807 zuwa 1835, ya mayar da sallar Juma'a wani sabon masallaci. Babu wanda ya sa gatari ya rushe Gobarau. Daina yaɓe ta aka yi, kuma ga ginin ƙasa wannan ya isa. Damana bayan damana rufin ya rufta, ginshiƙai suka zube, gidaje suka ci filin. Birnin kansa ya rame. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya kwana a Tasawa a watan Janairun 1851 ya wuce Katsina. Ya tarar da ganuwa mai kewayen fiye da kilomita 20, amma ya ƙiyasta mutanen da ke cikinta ba su wuce 7,000 zuwa 8,000 ba. Ciniki ya koma Kano, mahayan Maraɗi kuma ba su bar hanyoyin Katsina sun huta ba.

Hasumiyar ta tsira ne saboda kaurinta. Zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944, aka tara magina suka tayar da abin da ya rage, suka ba ta surar da muke gani yau. Mutanen unguwa za su ce maka ta asali ta ninka wannan sau da yawa, wasu har su kai ta sama da mita 100. Wannan kam son gida ne. Hasumiyar Agadas, wadda ake lissafawa mafi tsawo cikin na ƙasa, mita 27 ce, ita ma sai da aka sake tayar da ita a 1844.

Yadda aka gina ta

Wanda ya tsaya gabanta zai ga hawa uku, kowane ya fi na ƙarƙashinsa ƙanƙanta, da matakala da ke kai mutum sama, da ƴan ƙananan tagogi. Ba zane, ba rubutu, ba fenti. Duk adon yana cikin yadda bango ke kwantawa ciki kaɗan-kaɗan, da kusurwoyin da tafin hannu ya goge har suka daina kaifi. Da safe launinta ja ne mai haske, da la'asar sai ya yi duhu. Mai neman ƙawa irin ta zanen gidajen Birnin Damagaram zai ce ba komai a nan. Magini kuwa zai daɗe yana kallo, don ya san wahalar tsayar da ƙasa mita 15 ba ƙarfe ba katako.

Aikin yana farawa ne daga kududdufi. A haƙo birji, jar ƙasa mai tsakuwa, a jiƙa, a zuba yankakkiyar ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, a sake tattakewa. Daga nan a mulmula tubali da hannu. Tubalin Hausa na asali ba mai kusurwa huɗu ba ne irin na bulo da muke bugawa a akwati yanzu: gindinsa faɗi, kansa tsini. A shanya shi ya bushe ƙarau. Magini yana zaune a kan bango kamar mai hawan doki, yara na jefo masa tubali daga ƙasa yana cafewa, yana jera su a tsaye, tsini sama, yana cike tsakaninsu da laka. A gindi ana jera layi da yawa gefe da gefe, in an yi sama a riƙa ragewa. Kwantawar bangon da ido ke sha'awa daga nan ta samo asali. Ba don kyau aka fara yin ta ba, don kada nauyin sama ya fi ƙarfin ƙasa ne.

Inda ake buƙatar ƙetara sarari, kan ƙofa ko rufi ko matakala, sai azara. Ana tsaga ta ne daga gangar giginya, an fi son namiji don ya fi tauri kuma gara ba ta cika cin sa ba. Azara ɗaya ba ta ɗaukar rufin ƙasa fiye da kusan mita 2 sai ta lanƙwashe. Duk hikimar ginin Hausa ta taso ne daga neman hanyar wuce wannan iyaka: a ɗora azara kan azara, kowace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta, a ɗaure, a lulluɓe da laka, har ɓangarori biyu su haɗu a sama su zama bakan gizo. Ƙololuwar wannan fasaha ita ce masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830. A Nijar kuma Falke Barmu ya nuna ba ta mutu ba, da masallacin Yama na jahar Tawa da ya fara a 1962, wanda ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986.

Sai rigar ginin, wadda ita ce ransa. Makuba ana samun ta ne daga ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, a kwaɓa da ƙasa a yaɓe bango, ruwa ya riƙa zamewa. Laso ya fi ta ƙarfi: katsi daga gindin marina, a ƙona a daka, a haɗa da gashin jima daga majema da yauƙin dafara. Da shi ake shafe rufi da kawunan bango. A duba da kyau abin da wannan ke nufi. Kafin magini ya kare hasumiya daga ruwa, sai marini ya yi rini, majemi ya jeme fata, itacen ɗorawa ya yi ƴaƴa, giginya ta girma shekaru da dama. Ginin ya dogara da sana'o'in gari gaba ɗaya.

Dutse da ƙasa

Limaman nan biyu da suka mutu a Katsina mabiya Faransuwa na Asisi ne, wanda ya rasu a 1226. Asisi ƙaramin gari ne a kan gangaren dutse a yankin Umbriya, tsakiyar Italiya. A 1228 Fafaroma Gregori na 9 ya aza harsashin majami'ar da aka binne shi a ciki, aka tsarkake ta a 1253, fiye da shekara 200 kafin Magili ya ga Katsina. Majami'u biyu ne, ɗaya bisa ɗaya, na dutse. Bangayenta cike suke da hotuna da aka zana a kan ɗanyen farar ƙasa tun bai bushe ba, don launi ya shige ciki. Akwai aikin Cimabue, akwai kuma hotuna 28 na rayuwar Faransuwa da ake dangantawa da Giotto. Talakan da bai iya karatu ba yana karanta labarin a bango. Masallaci bai yarda da hoton mai rai ba, don haka maginin Katsina ya zuba gwanintarsa cikin siffar ginin kanta.

Ran 26 ga Satumban 1997 girgizar ƙasa ta rufto da wani sashe na rufin majami'ar, ta kashe mutum 4. Aka bi tarkacen ana tsince gutsattsarin zanen, dubbai a kan dubbai, ana adanawa a akwatuna, ana jera su kamar mai haɗa fasasshiyar tukunya. Bayan shekara biyu aka sake buɗe ta. Ga Italiyawa abin da ake ceto shi ne ainihin ɓallin da hannun Cimabue ya taɓa.

A nan ne mu da muka yi karatun boko muke yawan yin kuskure. An koya mana cewa tsohon gini na gaskiya shi ne wanda dutsensa na farko yake nan, sai mu auna namu da wannan mudu mu ga kamar ba su cika ba. In aka tambaya ko ƙasar da ke jikin Gobarau yau ita ce ta zamanin Korau, amsar ita ce fatarta dai ta baya-bayan nan ce, surarta ta zamanin Dikko, tsufan yana can cikin ciki da gindi. Babban masallacin Jenne a Mali ma haka yake: ginin da ake ɗauka hoto na 1907 ne, kuma kowace shekara duk gari ke fitowa a yaɓe shi cikin kwana ɗaya. Abin da ke daɗewa a ginin ƙasa shi ne wurin, da siffar, da hannun da ya san yadda ake sabunta su. Ana iya rufe majami'ar dutse shekara hamsin a dawo a same ta. Masallacin Gobarau an juya masa baya ne kawai, ya tafi.

Kuma ba labarin da ba ne kaɗai. Ran 11 ga Agustan 2023 wani sashe na masallacin Babban Gwani a Zariya ya rufta ana sallar la'asar, aƙalla mutum 7 suka rasu. Ran 3 ga Satumban 2024, cikin damanar da ta yi ɓarna a duk faɗin Nijar, tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, ginin tsakiyar ƙarni na 19, ya zube. Mutanen Maraɗi kuwa sun san aikin ruwa tun 1945, lokacin da gulbi ya cinye tsohon garin aka hau tudu.

Maganin da ya fi saurin zuwa zuciyar mai kuɗi da niyyar alheri shi ne siminti, kuma sau da yawa shi ne ajalin ginin. Bangon ƙasa yana shan danshi yana fitarwa. In aka shafe shi da siminti, ruwan da ya shiga ta ƴar tsaga ba ya samun mafita, sai ya riƙa cin ƙasar daga ciki alhali waje yana nan sumul, har ranar da ɓawon zai ɓalle da rabin bango. Wata hanyar kuma ita ce a rushe a sake sabo, kamar yadda aka yi wa tsohon masallacin Juma'a na Kano, wanda shi ma yana da doguwar hasumiyar ƙasa, aka maye gurbinsa da na yanzu a farkon shekarun 1950.

Tsakanin Tchaké da Mayahi da Tasawa har yanzu akwai masallatan ƙasa na unguwa da zaurukan masu gari, ko da yake bulo da tol suna cinye su ɗaya bayan ɗaya. Alamomin da magini ke dubawa a jikinsu su ne waɗanda ake dubawa a Gobarau: indararon da ya toshe ko ya karye har ruwa ke bin bango, gindin da ruwan titi ya fara ƙwaƙulewa, tsaga a kan rufi, da kan azara da ya yi baƙi ya fara dugurgujewa. Lokacin gyara kuwa rani ne, kafin hadarin farko. Kayan aikin ne ke ƙara wuya. Marinar da ake samun katsi ta ragu, ɗorawa ta yi ƙaranci a gonaki, itacen Gulbin Kaba kuma goriba ce. Azarar giginya mai kyau sai an yo ta daga nesa, irin su dajin giginyar Gaya, inda sai da izinin ma'aikatan gandun daji ake sara.